Godiya Ga Waɗanda Suka Amsa Mini "Ta Zo Mu Ji Ta"

Bashi ne a kaina, na kuwa daɗe ina ɗauke da shi. Masu bina ba su taɓa tuna mini ba, wasunsu ma ba su san sun ba ni komai ba. Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici, to ni ko tukwicin ban bayar ba sai yau. Na roƙi wannan fili ne in gode musu a bainar jama'a. Ba zan kama suna ba, don na san halinsu, nauyi za su ji. Amma kowannensu zai gane kansa in ya karanta, ko in aka karanta masa.

Ni malamin tattalin arziki ne a wata jami'a a Arewa. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i da bai ƙare ba sai Disamba. Da aka dawo a farkon 2021, an mai da darussa da dama kan intanet, ni kuma aka ɗora mini wani kwas na masu karatu daga nesa. Yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matan aure, suna warwatse a garuruwan da wasunsu ban taɓa zuwa ba.

Na karɓa ba tare da fargaba ba, don na yi shekaru ina koyar da wannan kwas da alli da allo. Ban san cewa rabin koyarwata a fuskokin ɗalibai take ba. A aji, in na ga an yamutse goshi sai in koma baya, in na ga ana gyaɗa kai sai in wuce. A Zoom kuwa ba abin da ke gabana sai baƙaƙen akwatuna da sunaye. Kowa ya kashe kyamara don kada data ta ƙare, kowa ya rufe makirufo don kada a ji kukan yaro ko ƙarar janareta. In ce "kun gane?" shiru. Minti 40 na cika, manhajar kyauta ta yanke mu, kafin a sake haɗuwa wasu sun tafi ke nan. Wata rana na yi ta bayani mai tsawo, ashe sabis ya ɗauke tuntuni ban sani ba. Abin da ya sosa mini rai shi ne ban ji wani bambanci ba tsakanin lokacin da suke nan da lokacin da ba kowa.

Sai na koma ɗaukar bidiyo mai tsawon awa guda, ina haɗawa da takardun darasi. Da gwajin farko ya zo, suka maido mini da jimlolina yadda na rubuta su, har da wani kuskure da na yi a takardar ban lura ba. A makon ne wata ɗaliba ta aiko mini da saƙo cikin ladabi: "Malam, wallahi muna karantawa, amma ji muke kamar ba da mu ake ba." Na kwana ina juya wannan magana. Har na fara rubuta takardar roƙon a ba wani kwas ɗin.

Wadda ta fara tsai da ni wata yarinya ce mai bautar ƙasa a sashen kwamfuta. Na je ne a kan wata 'yar matsala, sai ta yi ta jinkiri kamar mai son faɗin wani abu. Da ofis ya watse ta ce, "Malam, ka gafarce ni, akwai abin da zan nuna maka." Ta buɗe mini inda na'ura ke nuna yadda ake kallon bidiyoyina. Ana buɗewa, a yi 'yan mintuna, a rufe. Ta ce nauyinsu ya fi ƙarfin datar mutane, murya kaɗai ta isa, ita kuwa ko ƙaramar waya tana ɗauka. Ranar Asabar ɗinta ta ba ni, ta zauna tana koya mini yadda ake rage nauyin sauti. Na miƙa mata kuɗin mota, ta ɓoye hannuwanta a baya ta ce mahaifinta ma malami ne. Allah ya yi miki albarka, 'yata, duk inda kike.

Sai wata babbar malama a tsangayar ilimi, wadda ta girme ni a shekaru da aiki. Ta ji ni a cikin malamai ina kuka da ɗalibai wai ba su da himma. Ba ta tanka a gaban mutane ba. Da la'asar ta aiko a kira ni.

"Malam, zauna," in ji ta. "Yaran nan ba su yi maka laifi ba. Nisa ne ya shiga tsakaninku, kuma ba na hanya ba."

Ta tuna mini cewa karatu daga nesa ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Iyayenmu ma'aikatan En'e da malaman firamare sun yi karatu ta gidan waya da makarantu irin su Wolsey Hall na Ingila, kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta horar da ɗimbin malamai suna daga garuruwansu. Ta ce wani masani mai suna Michael Moore ya fara nazarin wannan tun shekarun 1970, ya nuna cewa nisan da ke cutar da ɗalibi da abu biyu ake auna shi: yawan musayar magana tsakaninsa da malami, da kuma tsaurin tsarin darasi. In tsari ya yi tsauri, magana kuma ta yi ƙaranci, nisa ya ƙaru ke nan. Ɗalibin da ke layin gaba a babban ɗakin lacca yana iya fin wanda ke ƙauye nisa da malami, in dai na ƙauyen ana amsa masa wasiƙarsa. Ta kuma ambaci Börje Holmberg, mutumin Suwidin, wanda ya ce a rubuta darasin nesa kamar ana hira da mutum guda, a tambaye shi, a hango inda zai yi tuntuɓe a tare shi.

Ta karɓi takardar darasina ta tafi da ita gida. Washegari ta dawo mini da ita, shafi goma sha biyu, ta ce in nemo mata wuri guda da na yi magana da mai karatu. Ban samu ba. Abin da ba na mantawa shi ne da fensir ta yi gyaran. Jan biro na nan a kan teburinta, na gan shi. Hajiya, na gode da ilimin, na kuma gode da fensirin. Allah ya ƙara girma.

Na fahimci maganarta, amma ban san ta inda zan kama ba, sai da na je gida gaida Goggona, yayar mahaifina. Da dare ba wuta, jikoki suka kewaye ta a tsakar gida. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran na ta rigima a kan wurin zama, ba wanda ya amsa. Ta yi shiru abinta tana jan carbi. Sai da suka natsu suka haɗa baki, "Ta zo mu ji ta," sannan ta fara. Can a tsakiya, Gizo ya shiga tsaka mai wuya, ta dakata ta ce, "To, ku kuka ce me zai yi?" Nan fa gardama ta kaure, kowa da dabararsa, ita kuma ta bar su sai da suka gaji.

Da yara suka yi barci na ba ta labarin halin da nake ciki, ban ma zaci za ta bi zancen intanet ba. Ta ce, "Ɗan nan, ai ba a fara tatsuniya sai an karɓa. In ba su ce ta zo ba, wa zan ba? Kai kana ta zubawa ne ba ka jira an tara hannu ba." Goggo ba ta taɓa shiga aji ba. Abin da ta faɗa mini a jimla uku shi ne Hajiya ta ba ni a takardu. Allah ya yi mata rasuwa bara. Ina roƙon mai karatu ya sa ta a addu'a, Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Yadda zan mai da wannan aiki kuwa, maƙwabcina ne ya koya mini, wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan rediyo bayan shekaru yana shirya wasan kwaikwayo. Ya saurari abin da na ɗauka, ido a rufe. Ya ce, "Malam, da taro kake magana. Makirufo kunnen mutum ɗaya ne, ka sassauta." Ya ce kada darasi ya wuce minti goma, a sa murya biyu don kunne na gajiya da ɗaya, a kuma tsaya a daidai inda mai sauraro ke son ƙari. Ya ce in bari sai tsakar dare in janaretocin unguwa sun yi shiru, in shiga ɗakin da tufafi suka yi yawa don su shanye amsa-kuwwa. Kafin in tashi ya shiga ciki ya fito da tsohon makirufonsa a naɗe cikin hula. Sau huɗu yana sa ni in sake darasin farko, kuma kowane karo shi ke tahowa gidana da sandarsa, bai taɓa cewa in je ba. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Murya ta biyu ta uwargidana ce. Na rubuta mata tambayoyin da za ta yi mini, ta karanta biyu ta ajiye takardar, ta ce ba wanda ke tambaya haka. Ta shiga yi mini nata tambayoyin na mai cefane da adashi, waɗanda suka fi nawa wuya. Bayan ɗawainiyar yini take zama da ni har ƙarfe ɗaya na dare. Ita ce kuma ta buɗe mini ƙofar darasin da ya sauya komai.

Akwai wani nazari da George Akerlof ya wallafa a 1970, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Da kasuwar motocin hannu ya yi misali. Mai sayarwa ya san ciwon motarsa, mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba ya iya bambance mai lafiya da mai ciwo, sai ya taya farashin tsaka-tsaki. Mai mota lafiyayya ya ga an yi masa tayin wulaƙanci ya janye tasa, masu ciwo su cika kasuwa, farashi ya ƙara faɗuwa, har ciniki ya nemi mutuwa. Shekaru ina koyar da wannan da zane da lissafi. Ina cikin yi mata bayani ta ce, "Wannan ai zancen sayen rago ne. Shi ya sa kake neman dillali kowace Layya."

Ranar Alhamis na kama hanyar Maigatari, kasuwar dabbobi ta kan iyakar Jigawa da Nijar. Wani aboki ya haɗa ni da wani dattijon dillali a kara. Na yi masa bayani ina jin nauyi, ga shi rana ce ta neman abinci. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka jira kasuwa ta lafa." Ya sa aka shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya aiko mini da fura. Ni na zo roƙo, ni aka karrama.

Bayan la'asar ya zauna, na kunna waya. Ya nuna mini yadda ake duba haƙoran sa a san shekarunsa, yadda ake kallon ido da hanci da tafiya, da yadda ake gane dabbar da aka ɗirka wa ruwa don ciki ya cika. Ya kwaikwayi ciniki da murya biyu, wannan na tayawa, wancan na cewa albarka, har a kai ga sallamawa. Na tambaye shi: ga makiyayi ya taho daga Nijar, ga mai saye ya taho daga Kudu, ba su san juna ba, ko yare ba su haɗa ba, me ke sa wannan ya ƙirga kuɗi masu yawa ya ba wancan? Ya yi murmushi ya ce, "Ba shi ya ba ba, ni ya ba. In san na sata ne, ni za a kama. In mai ciwo ne, ni za a nema. Makiyayi gobe ya tafi, ni kuwa kowace Alhamis ina ƙarƙashin rumfar nan. La'adar da kake gani kuɗin sunana ce." Da na tashi na sa hannu a aljihu, ya riƙe mini hannu. Ya ce bai taɓa zaton abin da ya sani zai shiga jami'a ba, wannan ya ishe shi.

Na raba hirar biyu yadda Baba ya koya mini. Kashi na farko ya tsaya a kan tambayata, kafin amsar Alhaji dillali. Na tura a zaurenmu na WhatsApp, na ce: ku kuka ce me ya sa? Kuma in aka wayi gari babu dillali ko ɗaya a kara, me zai sami farashi? Na ba su kwana biyu, ta rubutu ko ta murya, da Turanci ko da Hausa. A farkon saƙon, ina ɗan jin kunya, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ban kai ga ajiye wayar ba amsa ta shigo. Wata murya ta ce, "Ta zo mu ji ta, Malam." Sai wata, sai wata. Wani ɗalibi Bayarabe ya tambayi ma'anarta, aka gaya masa, shi ma ya faɗa. Na zauna a bakin gado na kasa cewa komai.

Cikin kwana biyun nan na san ɗalibaina fiye da yadda na san su a wata biyu. Wata ma'aikaciyar jinya, daga aikin dare, ta ce haka majinyaci yake a gaban mai sayar da magani, shi ya sa ake duba lambar NAFDAC. Wani ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran mota ya ba da labarin shekarun da ya yi yana yi wa ubangidansa hidima kafin a sallame shi da jari, ya ce sunan ubangidan ne ya sa aka fara ba shi kaya bashi. Wani ya musa, ya ce dillali ma yana iya haɗa baki da mai sayarwa, to wa ke tsaron dillalin? Aka yi ta kai ruwa rana a kan wannan, ni ina gefe. Ɗalibar nan da ta ce kamar ba da su ake ba, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ce binciken da iyaye ke yi kafin ba da aure ma maganin wannan ciwon ne. Da na saki kashi na biyu na kawo Akerlof da zanensa, na ƙara musu da littafin Abner Cohen na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda masu gida ke tsaya wa bashi tsakanin fataken shanu da mahauta, sai na tarar sun riga ni isa. Suna kawai na ba abin da suka gano.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani abokin aiki ya ce na mai da jami'a dandalin tatsuniya, kuma maganar ta shige ni. Na kai kukana wurin malamina na zaure, inda nake ɗaukar karatu bayan asuba. Ya ce in tuna hadisi na biyu a Arba'una, yadda Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum yana tambaya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana amsawa, sahabbai na sauraro, kuma da wannan tambaya da amsa aka karantar da su addininsu. Ya ce in duba ƙissar Annabi Yusufu, shekara bakwai na yalwa da aka adana hatsi a zangarniyarsa saboda bakwai na fari. "Wannan ba fanninka ba ne?" Da ita na buɗe darasin rumbun gwamnati da dalilin faɗuwar farashin hatsi da kaka da tashinsa da damina. Wata ɗaliba Kirista ta ce su ma suna da labarin a Littafin Farawa, ta ba da shi yadda ta koya tun tana yarinya. Allah ya gafarta Malam, na gode.

Abokin aikin nan ma ina gode masa, don ya sa na yi hattara. Labari ba ya ɗauke wa ɗalibi lissafi, kuma jarrabawa ba ta sauya ba. Akwai darasin da na ƙaƙaba wa labari bai karɓa ba, ɗaliban da kansu suka gaya mini, na cire. Labari kuma ba ya sayen data. Akwai waɗanda suka bar karatun saboda rashin hali, har yau suna raina. Da ba don shugaban ajin ba da sun fi haka yawa. Shi ke sauke kowane darasi ya tura wa na kusa da shi ta Xender, kuma sai daga baya na ji cewa duk mako yana zuba su a memori ya ba direban motar kasuwa ya kai wa wani malamin firamare a ƙauyen da ba sabis, direban ya dawo da amsarsa a takarda. Bai taɓa gaya mini ba. Shi da direban da ban san ko sunansa ba, Allah ya biya su.

Takardun jarrabawar ƙarshe da na duba, kowa da bakinsa ya yi magana. Akwai kurakurai, amma nasu ne. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, tsofaffin ɗaliban nan suka farfaɗo da zauren ba tare da na ce komai ba. Wani ya ɗauko hirarsa da mai POS, ya yanke ta a tsakiya, ya tambayi 'yan'uwansa me ya sa kuɗi da kansa ya zama haja mai farashi. Ni ma na amsa masa yadda suka amsa mini.

Ɗalibaina, ba ni da bakin gode muku. Kun yi haƙuri da ni watannin da nake magana ni kaɗai, ba wanda ya ɗaga mini murya, kuma da na miƙo hannu kun tara naku. Allah ya sa albarka a karatunku, ya jiƙan mahaifa, ya bar zumunci.

Alhaji dillali ajami yake karantawa, ba ya boko. Duk lokacin da muka yi waya sai ya ce, "Yaya ɗalibanmu?" Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan tafi da wannan rubutu Maigatari, in jira kasuwa ta lafa, in karanta masa a ƙarƙashin rumfarsa.